Ranar Da Na Ce Wa Likitan Italiya Na Gane

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wasiƙun da mutane ke aiko maka, kowa yana sauke abin da ya daɗe a zuciyarsa, shi ne na ce bari ni ma in sauke nawa tun ina da sauran gani da ƙarfin riƙe alƙalami. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin 'ya'ya da jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma mukan haɗu a kasuwa. A shekarun da ƙasar nan ta samu 'yancin kai, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen Kende a ƙasar Bagudo. Na gama babbar firamare ban samu wucewa gaba ba, na dawo gida ina taya mahaifina noma, amma zuciyata ba ta gonar. Ina jin Hausa da Fillanci, ina da ɗan Turancin makaranta, kuma Allah Ya ba ni kunne mai saurin ɗaukar harshe. Wannan baiwar ce ta kumbura mini kai. Na saba a yaba mini, ban saba buɗe baki in ce ban sani ba.

A lokacin ne wani kamfani na mutanen Italiya ya zo aikin hanya a ƙetaren Kwara, daga wajen Kaoje zuwa kan iyakarmu da Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Sun kafa sansani a daji, da tantuna da rumfunan kwano da bukkokin leburori. Shugaban leburorin, wanda muke kira heluma, aminin mahaifina ne tun suna yara, ni kuwa Baba nake ce masa. Shi ya zo har gida ya roƙi mahaifina ya ba shi ni, ya ce Turawan suna neman mai ɗan karatu, kuma shi zai tsaya mini. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, ba ya ɗaga murya, amma idan ya ce a ɗauki diga kowa sai ya ɗauka. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni gaban injiniyan da ke kula da wannan yanki, wani dattijo gajere mai furfura, wanda Turancin Ingilishinsa bai fi nawa ba. Da farko aikina riƙe sandar awo ne da rubuta sunayen ma'aikata. Cikin 'yan watanni injiniyan ya lura ina maimaita kalmomin da yake faɗa wa 'yan uwansa, sai abin ya ba shi sha'awa. Ya ciro wani ƙaramin littafin nahawu daga akwatinsa, bangonsa duk ya tsufa, ya ba ni, ya ce kullum idan an tashi hutun rana in same shi a gindin wata ɗorawa da ke bayan tantinsa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin karatun nan. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne su ma kamar mu suke, kowane abu ko namiji ne ko mace. Sai dai sun juya mana wasu: rana a wurinsu namiji ce, wata kuma mace, muka yi ta dariya ni da shi a kan haka. Ya koya mini cewa yawancin sunayen da suka ƙare da o maza ne, masu ƙarewa da a mata, idan abu ya yi yawa kuma ƙarshen ya canza. Ya koya mini yadda aikatau ke sauya wutsiya gwargwadon mai yin aikin, ni ko kai ko mu, har ba sai an ambaci mutumin ba. Ranar da na ce masa tu, wato kai, a gaban baƙi, ya ja ni gefe ya nuna mini cewa babba Lei ake ce masa, kamar yadda mu ma ba ma kiran dattijo gatsau. Na iya gaisuwa, na iya ƙirga, na iya faɗin zo da tafi da kawo da tsaya. Amma akwai shafukan da na tsallake saboda sun yi mini tsauri, musamman na ƙananan kalmomin nan da ke shiga tsakanin manya, waɗanda na ɗauka ba su da wani nauyi. Kafin shekara ta zagayo na zama tafintan sansani. Leburori suna kirana Ɗan Italiya, 'yan matan da ke kawo fura suna nuna ni, ni kuma har tafiyata ta canza. Kuma na koyi wata mummunar ɗabi'a. Duk lokacin da Bature ya yi magana ya tambaye ni ko na gane, sai in ce ho capito, wato na gane, ko da rabin maganar kawai na kama, sauran in cike da hasashe. Sau da yawa hasashen yana dacewa, shi ya sa ban taɓa jin tsoro ba.

Wajen ƙarshen damina ta biyu Baba heluma ya fara ciwo. Ƙafafunsa suka kumbura, idan ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya yana haki. Kamfanin yana da likita da ke zagaya sansanoni sau ɗaya a wata, kuma a wannan karon sabo ne aka turo, matashi, bai daɗe da zuwa daga ƙasarsu ba. Ranar da ya zo injiniya yana can bakin wani kwalbati da ruwa ya ci, saboda haka ni kaɗai ne tsakanin likita da marasa lafiya. An riga an gaya masa akwai wani Bahaushe da ke jin harshensu, don haka ya saki baki yana magana da sauri kamar da ɗan garinsu yake yi. Ya auna Baba, ya saurari ƙirjinsa, ya danna ƙafarsa da yatsa, ya ce zuciyarsa ce ta gaji. Ya zuba wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a ambulan, ya yi rubutu a bayanta, ya ɗaga yatsa ya ce, una compressa ogni due giorni. Na san una ɗaya ce, na san due biyu ne, na san ogni giorno na nufin kowace rana. Sai na haɗa su a kaina na fitar da ma'ana: ƙwaya ɗaya, sau biyu kowace rana. Wani abu ya ɗan taɓa zuciyata cewa jerin kalmomin ba haka na saba jinsa ba. Likitan ya dube ni ya tambaya ko na gane, ya ƙara da cewa maganin yana da ƙarfi. Layin leburori yana bayana, kowa ya zuba mini ido. Na ce na gane. Na juya na gaya wa Baba ya sha ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ya sa mini albarka. Washegari likitan ya haye kogi, bayan kwana biyu kuma Kwara ta cika ta batse, ta shafe fadamun shinkafar Kaoje, jirgin fiton da ke ɗaukar mota ya daina aiki.

Kwanaki ukun farko kumburin ya sauka, har Baba ya fito ya zauna a ƙofar bukkarsa, mutane suna cewa maganin Turawa sai su. Daga nan abu ya juya. Ya daina cin abinci, ko ruwa ya sha sai ya dawo, yana cewa kansa na juyawa, kuma duk abin da ya kalla yana ganinsa rawaya-rawaya, har fuskokin mutane. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce iska ce ta bakin ruwa. Aka aika wa ƙanensa, wani masunci da ke zaune a wajen Kaoje, ya zo jinya. Wannan mutum kowa ya san shi da zafin zuciya, kuma ba ya rabuwa da wuƙa a damtsensa. Yana ƙaunar yayansa ƙwarai, shi ya sa ya riƙe maganin da kyau, ba ya bari lokaci ya wuce, safe da yamma, kamar yadda aka ce masa ni na faɗa daga bakin likita.

A rana ta shida muna zaune a gindin ɗorawa, injiniya ya buɗe littafin ya faɗo daidai kan kalmar ogni. Ya ce ogni giorno na riga na sani. Sai ya ce to ogni due giorni fa? Ya ɗauki tsinke ya ja layuka a ƙasa, ya sa alama a na farko, ya tsallake na biyu, ya sa a na uku. Ya ce kamar tankar ruwanmu ke nan, yau ta zo, gobe ba ta zuwa, sai jibi. Idan kuma ana nufin sau biyu a rana, wannan daban ne, due volte al giorno ake cewa. Edita, ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Na dubi layukan nan a ƙasa na lissafa: inda ya kamata mutum ya sha ƙwaya ɗaya, na sa ya sha huɗu. Injiniya ya tambaye ni ko lafiya, na ce cikina ne ke ciwo. Ga shi a gabana, mutumin da bai taɓa yi mini tsawa ba, kalma biyu kawai zan faɗa masa. Na kasa. Abin da nake gani a idona shi ne wuƙar masuncin nan, da fuskar mahaifina, da leburori suna nuna ni suna cewa ga wanda ya kashe heluma.

Da la'asar na tafi bukkar Baba da niyyar in gyara abin ba tare da kowa ya sani ba. Na same shi kwance a tabarma, idanunsa sun faɗa, numfashinsa sama-sama. Na ɗauki ambulan ɗin kamar ina dubawa, na karanta rubutun likita, ga shi nan ƙarara yadda injiniya ya koya mini ɗazu. Sai na ce wa ƙanensa wai likita ya aiko a dakatar da maganin. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni wa ya kawo saƙon, tun da yau kwana uku ko tsuntsu bai ƙetaro daga Bagudo ba. Na ce wataƙila ban ji daidai ba ne, bari in sake tambaya. Ya karɓe ambulan ɗin daga hannuna, ya ce shi ba ya wasa da umarnin likita, maganin nan ne ya sauke kumburi, shi ne kuma zai kori sauran ciwon. Ya ɗago kan yayansa, ya sa masa ƙwaya a baki, ya ba shi ruwa. Ina tsaye. Da idona na ga maƙogwaronsa ya motsa ya haɗiye, ban ce uffan ba. Kuskuren farko jahilci ne da girman kai, ina iya cewa ban sani ba. Amma wannan ƙwayar ta yammacin nan da sanina aka ba shi, kuma ita ce har yau ba ta bar ni ba.

Da gari ya waye na ɗaure 'yan kayana a zane, na zagaya bayan sansani, niyyata in bi hanyar shanu in faɗa Dahome, in ɓace. Ban yi nisa ba na ji hayaniya, na kuma ji ana ƙwala kiran sunana. Baba ya suma bayan sallar asuba, an yayyafa masa ruwa ya farfaɗo da ƙyar. Leburori sun taru a gaban tantin injiniya riƙe da diga da shebur, masuncin yana gabansu, suna cewa Turawa sun ba heluma guba don ya cika tsaya wa ma'aikata. Injiniya yana tsaye shi kaɗai, bai san abin da suke faɗa ba, yana ta waige yana nemana. Na jefa ƙunshin kayana cikin ciyawa na dawo, ba don jarumta ba, sai don an riga an hango ni. Na tsaya a tsakiya, na fassara masa zargin da ake yi masa. Ya nemi a kawo ambulan ɗin. Ya karanta, ya zazzage sauran ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya ga yadda suka ragu, fuskarsa ta canza. Ya tambaya sau nawa ake ba shi, masuncin ya nuna yatsu biyu, ya nuna gabas ya nuna yamma. Sai injiniya ya juyo gare ni a hankali, ya tambaye ni da harshensu, cikin murya ƙasa-ƙasa, me na gaya musu ranar da likita ya zo.

A duk taron nan ni kaɗai ke jin harsunan biyu. Ina iya ce masa su ne suka ƙara da kansu, in ce musu likita ne ya yi kuskure, babu mai kama ni a ranar. Wallahi tunanin ya zo mini. Amma daga inda nake ina hango ƙafafun Baba ta ƙofar bukka. Na ce masa, ho sbagliato io, wato ni ne na yi kuskure. Bai zage ni ba. Ya ce kada in gaya musu yanzu, in ce maganin ya fi ƙarfin jikinsa, kuma dole a kai shi asibiti a yau, in ba haka ba zuciyarsa za ta tsaya. Na faɗa musu haka. Matsalar ita ce babu hanyar Bagudo, ruwa ya raba mu da duk wani asibiti na ƙasarmu. Injiniya ya ce ya san wani asibitin mishan a cikin Dahome, tafiyar rabin yini idan hanya ta yarda. Aka shimfiɗa katifa a bayan Landiroba aka kwantar da Baba. Injiniya ya kama tuƙi da kansa, ni da masuncin muka zauna a baya, majinyaci a tsakaninmu.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Hanyar da muke ginawa ba ta kai iyaka ba, sauran duk laka ce da ramuka, sau biyu muna sauka muna tura mota. Injiniya ya ba ni agogonsa, ya ce in riƙe wuyan hannun Baba in riƙa ƙirga bugun jijiya ina faɗa masa. Ina ƙirgawa da Italiyanci, bugun yana zuwa a hankali, wani lokaci ya yi shiru har in ɗauka shi ke nan, sai ya sake bugawa. Duk lambar da na faɗa, sai in ga injiniya ya ƙara taka mota. Tsawon hanya idon masuncin yana kaina. Can ya ce, cikin irin maganarmu ta can, "Kai ɗai ka ji bakin likita. In akwai abin da ka sani game da wanga magani, ka faɗi tun yanzu." Na ce babu. Ƙarya ta uku ke nan da na yi masa.

Da muka isa kan iyaka wajen Tsamiya, muka tarar da abin da ban zata ba. Wurin da iyayenmu ke wucewa da jakuna ba mai tambayarsu, yanzu an gitta sanda, an kafa sabuwar tuta, ga jandarmomi biyu da bindigogi. Kowace ƙasa ta samu 'yancinta, kowa yana tsaron nasa. Suka karɓi fasfon injiniya, suka ce mu ukun ba mu da takarda, ba za mu shiga ba. Injiniya yana haɗa Faransanci da Italiyanci yana nuna majinyaci, babban cikinsu yana girgiza kai. Ni da ake kira tafinta na tsaya kamar gunki, ba ni da kalma ko ɗaya da za ta yi amfani. Ina jin bugun hannun Baba yana ƙara nisa, ina cewa a raina a nan zai cika, a bakin sandar nan, kuma ni ne sanadi. Masuncin ne ya sauka, ya yi wa ƙaramin jandarman magana da yaren Dandawa, wanda ya koya a bakin kogi. Ashe mahaifiyar jandarman daga wani ƙauye take a gefenmu. Ya leƙo ya ga Baba, ya koma ya yi ta roƙon babbansa, daga ƙarshe suka riƙe fasfon injiniya a matsayin jingina suka ɗaga sanda.

Mun isa asibitin bayan la'asar. Wata Baturiya likita ta karɓi ambulan ɗin, ta saurari injiniya, ta sa aka shiga da Baba ciki da gudu. Ta ce babu abin da za a yi illa a tsayar da maganin, a ƙara masa ruwa, a jira jikinsa ya fitar da abin da ya sha, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Injiniya ya koma sansani washegari saboda ma'aikata, ya ce in zauna. A nan asirina ya tonu. Akwai wani ma'aikacin asibitin da ke jin Hausa, masuncin ya tambaye shi abin da aka rubuta a bayan ambulan, shi kuwa ya tambayo likitar ya gaya masa gaskiya, bai san akwai wata a ƙasa ba. Ina bakin rijiyar asibitin ina alwalar azahar ya same ni. Bai zare wuƙa ba, bai ko taɓa ni ba, na ma fi son da ya doke ni. Ya tsuguna dab da ni, ya tambaye ni ko ranar da na zo da zancen saƙon likita na riga na sani. Na ce na sani. Sai ya ce in yayansa ya tashi, tsakanina da shi Allah ne, in kuwa bai tashi ba, ƙafata ba za ta sake taka ƙasar Bagudo ba. Ya miƙe ya koma ciki.

Kwana uku na yi a barandar asibitin nan. Ba na iya cin abinci. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa sai in waiga, duk matar da ta yi kuka a wani ɗaki sai in miƙe tsaye. Ba wanda ya tsare ni, daji yana nan a buɗe, amma ƙafafuna sun ƙi. Na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, ina roƙon Allah Ya ɗauki kwanakina Ya ƙara masa. A rana ta huɗu da hantsi ma'aikacin nan ya fito ya ce dattijon ya sha kunu, kuma yana nemana. Na shiga. Ƙanensa yana tsaye a jikin bango. Na durƙusa a gaban gadon na faɗi komai, tun daga ranar likita, har ƙwayar da aka ba shi ina kallo, har kayan da na ɗaure zan gudu. Baba ya saurare ni idonsa a rufe. Sai ya ce da wata siririyar murya, "Ɗana, da ka ce ba ka gane ba, wa zai buge ka?" Ban da kuka babu abin da na iya. Ya ɗora hannunsa a kaina ya ce ya yafe, ya kuma hana ƙanensa gaya wa mahaifina. Mahaifina ya rasu bai sani ba.

Baba ya dawo gida da ƙafarsa, amma bai sake riƙe aikin heluma ba. Ya koma Kende yana zama a zaure, ƙarfin nan duk ya tafi, damina ta gaba Allah Ya yi masa rasuwa. Likitan kamfani ya ce ciwon zuciyarsa daɗaɗɗe ne, ko ba kuskurena ba kwanansa ba su da yawa. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila kuma lallashina yake yi, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba a duniyar nan. Injiniya bai kore ni ba. Abin da ya yi shi ne ya hana ni sake ce masa na gane. Duk umarnin da ya ba ni, sai na maimaita masa shi da kalmomina, in nuna da yatsu ko in zana a ƙasa, kafin ya bar ni in buɗe baki ga ma'aikata. Muka koma kan shafukan da na tsallake ɗaya bayan ɗaya. Na iya harshen sosai daga baya, amma daɗinsa ya fita daga raina, kuma da aikin ya kai kan iyaka na ajiye na koma gona. Masuncin kuwa bai sake amsa gaisuwata ba har ya bar duniya. Abu ɗaya kawai: ranar jana'izar Baba na zo a makare na tsaya a baya, sai ya matsa ya buɗe mini wuri a sahu kusa da shi, bai dube ni ba.

Na rubuto wannan ne saboda abin da nake gani yanzu. Yaranmu suna koyon harsuna iri-iri, wasu don karatu, wasu don tafiya ƙasashen waje, har da ita Italiyar, kuma abu ne mai kyau. Amma mai rabin harshe ya fi wanda bai iya komai ba haɗari, domin wanda bai iya ba zai nemi mai iyawa, shi kuwa mai rabi shi ake nema. A kowane asibiti za ka ga an tura ɗan boko ya ji bayanin likita a madadin tsohuwarsa, ya gyaɗa kai, ya fito yana hasashe. Ina roƙon duk wanda aka ɗora wa amanar kunnen wani, ko tafinta ne ko ɗa ne ko maƙwabci, ya ji tsoron Allah. Kada ka raina ƙaramar kalma. In ba ka gane ba ka ce a maimaita, ko sau goma ne, ko duk garin na kallonka. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa a sa'ar da ka gane, kada ka jira ka nemo dabarar da za ta rufa maka asiri, domin kafin ka samo ta wani yana can yana haɗiye abin da ka faɗa. Kunyar tambaya ba ta wuce minti ɗaya. Ni na guje mata, ga shi na tsufa ban gama biyan abin da ya maye gurbinta ba. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Baba heluma a addu'a, in ya ga dama ya haɗa da ni.